Amsa kan gidauniyar binciken ciwon dajin ƙwaƙwalwar yara

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kin tambayi yadda ƙungiyarku ta unguwa za ta tara kuɗi don tallafa wa bincike kan ciwon dajin ƙwaƙwalwa a yara, da hannun da ya dace a damƙa wa kuɗin. Allah ya saka muku da alheri, domin wajen yana da buƙata ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji suna warkewa, a yawancin ƙasashe irin namu kuwa ba a kai kashi 30.

Tun kafin ku karɓi ko kwabo, ku raba asusu biyu: na jinya daban, na bincike daban. Da zarar labari ya bazu, uwa za ta zo muku da takardar hoton ƙwaƙwalwa a hannu, yaro a goye, ya wayi gari da amai, idonsa ɗaya ya karkace. Babu mai imanin da zai iya ce mata wannan kuɗin na bincike ne. Ta haka asusu ɗaya yake narkewa cikin 'yan watanni, masu bayarwa su fara ƙorafi. Kowane mai ba da gudummawa ya zaɓi inda yake so, a rubuta masa a rasit. Zakka kuma ku tura ta asusun jinyar marasa ƙarfi, tunda masu cin ta takwas ne sanannu. Na bincike ya fito daga sadaka.

Kada kuɗin su shiga asusun mutum ɗaya, ko da shi ne limamin unguwa. Ku yi rajistar amintattu a CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi), banki zai iya neman takardar SCUML (sashen EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram), sannan ku sa mutum uku masu sa hannu, sai biyu sun haɗu a fitar da kuɗi. Duk ƙarshen wata a liƙa bayanin banki kowa ya gani.

Kuɗin unguwa ba za su ƙirƙiro sabon magani ba, kada ku yi wa jama'a wannan alƙawarin. Inda suke aiki shi ne: albashin mai rubuta bayanan majinyata, gwajin tsokar da aka ciro don a tantance nau'in ƙarin (medulobilastoma da giliyoma ba hanyar magani ɗaya suke bi ba), da katin waya da kuɗin mota don bibiyar yaran da aka daina kawowa asibiti bayan tiyata. Wannan na ƙarshen shi na fi ba muhimmanci, domin yaron da ya ɓace babu wanda ya san ko maganin ya yi masa amfani.

Ku je sashen yara ko na tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa mafi kusa, Kano ko Zariya ko Sakkwato. Ku nemi abu uku a rubuce: tsarin binciken, kasafinsa, da amincewar kwamitin ɗa'a na asibitin. Ku biya kashi-kashi ta asusun asibitin, kashi na biyu sai rahoton na farko ya zo.

Ranar ƙaddamarwa, 15 ga Fabrairu ta dace, ita ce ranar ciwon dajin yara ta duniya. Kuma don Allah kada a yaɗa hoton yaro da ɗinki a kai a WhatsApp ba tare da yardar iyayensa a rubuce ba.