Amsa ga mai son shiga wasan daɓe

Ɗan'uwa ka tambaya ko dole sai da digiri, gaskiya ba dole bane amma in da hali ka nemi ABU Zariya, suna da Drama Village, wato gidan wasan kwaikwayo na ginin ƙasa, ko Jami'ar Jos. Ni dai a ƙungiyar unguwa na fara, wata da watanni ina jan labule da jera benci kafin a bani layi uku in faɗa a wasa, a nan na koyi ɗaga murya har na can baya yaji ba makirfo. Rubutu kuwa fara da gajere, mutum biyu minti goma, ka ba abokai su karanta a fili kaji inda magana ke sarƙewa. Darakta kam sai ka daɗe kana kallon rihazal, wato gwajin wasa kafin a nuna shi, tukuna. Kuma don Allah karka saki sana'arka yanzu.