Tambaya da Amsa: Wai Hiyumanizim Kafirci Ne?

Tambaya: Malam barka da aiki, ni ɗalibi ne daga wani ƙauye kusa da Ringim, malaminmu yace hiyumanizim na da alaƙa da ilimin nazarin al'adun ɗan Adam amma abokina yace kafirci ne kawai, wai haka ne?

Amsa: Ɗana abokinka yayi gaggawa gaskiya. Hiyumanizim, wato tafarkin ilimin da ya mai da hankali kan ɗan Adam, ya faro ne a Italiya ƙarni na 14, irinsu mawaƙi Petrarch kiristoci ne masu riƙo da addininsu, abinda suka sa a gaba shine tono tsofaffin rubuce-rubucen Girka da Rum su koyi nahawu da waƙa da tarihi da tarbiyya. Nau'in hiyumanizim ɗin da ke ture addini gefe daga baya yazo, shi kam ban goyi bayansa ba.

Alaƙar kuwa, waɗanda suka saba ƙoƙarin fahimtar mutanen zamanin da, da jiragen Turawa suka isa Amurka a 1492 sai tambayarsu ta koma kan al'adun rayayyu, har Montaigne na Faransa ya rubuta a 1580 cewa kowa abinda ba al'adarsa ba shi yake kira dabbanci. Kuma fa tun wajen 1030 malamin musulmi Albiruni ya koyi yaren malaman Indiya ya rubuta al'adunsu ba zagi. Ko a nan gida, Baturiya Mary Smith ta zauna da wata tsohuwar Bahaushiya, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau tana rubuta labarin aure da kishiya da bauta daga bakin tsohuwar, littafin ya fito 1954.