Filin Malamin Gona: Gangar da ke kwantar da shuka, za ta yi aiki a gonarmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina noma masara da waken suya, kadada huɗu, a wajen Saminaka. Kuɗin maganin feshi ya fi ƙarfina, ga shi bara ƙanena ya kwanta kwana uku bayan ya yi feshi babu takunkumi. Na ga wani bidiyo a waya, tarakta tana tura wata ƙatuwar gangar ƙarfe tana kwantar da shuka kore shar, a bayanta kuma inji na zuba iri. Wai babu feshi, babu noma. Da gaske ne? In da gaske ne, mai walda zai iya haɗa mini ita?
Mai karatu daga Saminaka, Jihar Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara wa ƙanenka lafiya, kuma ka ja masa kunne, kada ya sake goya tankin feshi babu takunkumi da safar hannu.

Da gaske ne. Turawa na ce wa gangar nan rola-kirimfa, wato rola mai karya kara. Wadda ta fi yawo a bidiyo ita ce samfurin Cibiyar Rodale ta jihar Fensilbaniya a Amurka, wadda Jeff Moyer ya tsara a farkon shekarun 2000. Amma manoman kudancin Barazil da Faragwai sun riga su. Tasu sunanta rolo-faka, rola mai wuƙa, har da ƙarama wadda shanu ko doki ke ja.

Abin da bidiyon bai nuna maka ba shi ne, gangar ba ta kashe ciyawa. Shukar da aka kwantar ce ke kashe ta. Manomin Amurka yana shuka wani dangin alkama mai suna rayi tun kaka, ya sha ƙanƙara duk hunturu, ya miƙe da bazara har ya kai kafaɗar mutum. Idan ya fara fure sai a bi ta kansa da rola. Ƙarafan da ke jikinta dakusassu ne da gangan, ba a so su yanke karan, so ake su murƙushe shi wuri-wuri yadda ruwa ba zai ƙara hawa ba. Sai ya bushe a kwance, saiwarsa na riƙe da shi, ya zama kamar tabarma a kan ƙasa. Irin ciyawa ba ya samun haske, danshi kuma ba ya gudu. Masu bincike a can suna neman busasshen kara wajen tan 8 a kadada kafin tabarmar ta danne ciyawa sosai. Ni awona ya fi sauƙi: ka tsaya a kai ka duba ƙasa, in kana hango turɓaya to tabarmar ba ta yi kauri ba.

Rayi ba zai yi a ƙasarmu ba, sanyi yake so. Sai dai ga wani abin da ya ba ni dariya ranar da na fara jinsa: a yankin Serado na Barazil, geronmu ne manyan manoma ke shukawa don rufe ƙasa kafin su sa waken suya. Mu muna fura da shi, su suna shimfiɗa da shi.

Na taɓa gwadawa a wata 'yar gonata, kuma na sha kunya. Wani mai walda ya haɗa mini da guntun bututun ruwa, na watsa gero da kauri, da ya kai mini ƙugu na ƙosa na sa shanu suka ja ta a kai. Bayan mako ɗaya gero ya miƙe tsaf kamar ba a taɓa shi ba, maƙwabta na ta yi mini sannu da aiki. Laifin gaggawata ne. Shukar da ba ta kai fure ba tana da sauran ƙarfin tofowa. In kuma ka bari ta yi ƙwaya, ka shuka wa kanka ciyawar baɗi. Tsakanin biyun kwanaki kaɗan ne, kuma duk dabarar a nan take.

To mu dawo Saminaka. Abu na farko da zai tare ka shi ne kunya. Rola fili take so, shimfiɗaɗɗe. A kan huɗa za ta murƙushe na saman kunya ta bar na cikin kwari a tsaye. Sai lokaci. Baturen nan da hunturu yake renon shukar rufinsa, lokacin da gonar ba ta da wani aiki. Kai kuwa ranin namu ba ya tsirar da komai sai da ban-ruwa, don haka daga cikin damina za ka gutsira. Ku kuna da ɗan sarari, ruwanku yakan kama daga Mayu zuwa Oktoba. Ɗan'uwanka na Daura ko Maraɗi ba shi da wata biyun da zai ba shukar rufi, kuma ko ya bar kara a gona, shanu da gara da masu neman makamashi ba za su bar masa ba. Shi ban ba shi shawarar rola ba ko kaɗan.

In kana son gwaji, ware kwatar kadada, kar ka wuce haka. Ka baje ta, ka watsa gero da kauri da ruwan fari. Wajen wata biyu zai fitar da kai ya fara fure, a nan za ka kwantar da shi, ka shuka wake a ciki da sungumi ko da sanda, kana buɗa karan da ƙafa. Wake na ce, ba masara ba. Ruɓewar kara takan riƙe sinadarin naitirojin na ɗan lokaci, masara sai ta yi rawaya, shi kuwa wake da abinsa yake tafe. Ka shirya jin surutu, don mutanen gari za su ce ka zautu, ka kashe gero yana gab da ido.

Mai walda zai iya. Bututu mai kauri, faɗin bakinsa wajen inci 16, tsawo kamar mita ɗaya in shanu ne za su ja. Ya liƙa miƙaƙƙun ƙarafa marasa kaifi, tazarar kamar taƙi guda, a karkace su haɗu a tsakiya kamar ƙashin kifi, don in a miƙe suke gangar tsalle za ta riƙa yi. Ya bar ƙofar zuba ruwa, saboda da ruwan ake ƙara mata nauyi ko a rage.

Kada ka sa ran za ta yi maganin tofa, kiri-kiri ko aya-aya. Waɗannan daga saiwa suke tasowa, huda tabarmar suke yi su fito. Ƙuduji ma ba ruwansa da ita, kuma gero abincinsa ne, saboda haka gonar da ke da shi ba ita ce ta gwajin ba. Nasa magani shi ne juya shuka da waken suya ko gyaɗa, taki, da tuge shi kafin ya yi fure.

Sauran kadada uku da kwata uku kuwa, injin da ya fi dacewa da kai yana nan a ƙauyenku: garmar shanu. Ka ja igiya ka daidaita layi tun ranar shuka, ka shiga tun ciyawa na kamar zare, kar ka jira ta yi ganye huɗu. Makonni shida na farko su ne rayuwar masara. Wanda ya yi noman fari da maimai a kan kari, abin da zai kashe a feshi kaɗan ne.

TAMBAYA: Malam, ina dashen shinkafa a Kadawa, kuɗin 'yan cire ciyawa na cinye ribata. Akwai abin turawa da hannu?
Wata manomiya daga Kura, Jihar Kano

AMSA: Akwai, Hajiya. Ana ce masa kono-wida, mazurai biyu ne masu haƙora a jikin doguwar mariƙa, ana tura shi gaba da baya tsakanin layuka, yana tuge ciyawa yana binne ta a taɓo ta zama taki. Ya yaɗu tare da tsarin bunƙasa noman shinkafa da ake kira SRI, wanda ya faro daga Madagaska a shekarun 1980. Sharaɗinsa dashe a layi, tazarar santimita 25, da ɗan ruwa kwance a fangali, wanda bai wuce ya rufe gaɓar yatsa biyu ba. Ki fara kwana 10 zuwa 12 bayan dashe, ki maimaita duk kwana 10, sau uku ko huɗu, har ganye ya haɗe. In watsi kike yi, ko masu dashenki na soka yadda suka ga dama, ba inda zai bi. Ki fara saya musu igiya mai ƙulli-ƙulli kafin ki nemi injin.