Gwaggo, ga yadda muke sujada a nan

Gwaggo, barka da war haka. Ya sanyin Katsina, ya ƙafar taki, ya 'yan zumunta? Saƙon muryar da kika aiko ta wayar jikarki sau uku na saurare shi. Kin ce wata ta faɗa a taron mata cewa majami'un Turai duk sun zama kango, an sayar an mai da su shaguna, har kika kwana kina tunanin ko ni ma na daina zuwa sujada na ɓoye miki. Amsar ta fi ƙarfin minti biyu a waya, shi ya sa na zauna na rubuta, a karanta miki a tsanake.

Wadda ta faɗa ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba. A ƙidayar da aka yi a Ingila da Wales a 2021, kashi 46 cikin 100 ne suka ce su Kirista ne, alhali a 2011 kashi 59 ne. Kashi 37 kuwa cewa suka yi ba su da addini ko kaɗan. A hanyar da nake bi zuwa asibitin da nake aiki akwai wata tsohuwar majami'a ta dutse, yanzu kafet ake sayarwa a cikinta. Ran da na fara gane abin da ginin yake a da, sai da gabana ya faɗi. Amma ba a nan labarin ya ƙare ba.

Tamu majami'ar ta Metodis ce, ƙarama, a ƙarshen layinmu. Ranar Lahadi idan mun cika mu kai 30, idan ruwa ya tsuge ko ƙanƙara ta rufe hanya mu tsaya a 18. Rabinmu tsofaffin Turawa ne masu furfura, sauran kuwa mu ne baƙi: iyali biyu daga Gana, wata 'yar Zimbabwe, wani saurayi ɗan Iran, sai ni da maigidana da yara. Za ki ce me ya hana ni neman ta 'yan gida. Akwai manyan majami'un 'yan Najeriya a Mancesta, cike maƙil, ga kiɗa ga rawa, na je kuma na ji daɗi. Sai dai tafiyar awa guda ce, ni kuwa sau da yawa daga aikin dare nake fitowa da safiyar Lahadi. Wata rana na tako da ƙafa na shiga wannan ta kusa, da niyyar sau ɗaya. Bana shekara 12 ke nan.

Ana shiga ƙarfe goma da rabi, kafin sha biyu saura kwata an fito. Na san za ki riƙe baki, tunda a gida a wannan lokacin sanarwa ma ba a gama ba. Waƙa huɗu ko biyar, karatu daga Tsohon Alkawari da Sabo, wa'azin minti 15 zuwa 20, addu'a. Babu ganga, babu tulu, babu guɗa. Wata dattijuwa ce ke kaɗa molon Turawa mai maɓallai, yatsunta sun kumbura da ciwon sanyi amma ba ta taɓa fashi ba. Abin da ya fara zaunar da ni shi ne muryoyin waƙoƙin. Da yawa daga cikinsu su ne na Littafin Waƙoƙi da kika koya mana a tsakar gida, kalmomin ne kawai suka bambanta. Suna yi da Turanci, ni ina bi da Hausa a ƙasa-ƙasa. Sai akwai shiru. Mai jagora ya ce mu yi addu'a a zuci, majami'a ta yi tsit har kina jin agogon bango. Da fari shirun nan ya dame ni, yanzu kuwa nakan jira shi duk mako.

Fastonmu ba namu ba ne mu kaɗai. Majami'u da dama ke ƙarƙashin kulawarta, don haka kamar sau ɗaya a wata take zuwa mana, ranar ce kuma muke cin Jibin Ubangiji, da ruwan inabi marar giya a 'yan ƙananan kofuna, kamar dai yadda kika sani. Sauran Lahadin masu wa'azi ne na sa-kai, mutanen da ke da sana'arsu amma suka yi karatu aka jarraba su: wannan malamin makaranta ne, wancan tsohon direban bas. Duk wata uku ake fitar da takardar da ke nuna wa zai je ina. Ya tuna mini ƙauyukan wajen Malumfashi da Kafur, inda dattijo ko mai bishara ke riƙe sujada sai fasto ya zagayo. Kin ji na ce "kulawarta". I, mace ce. Metodis na Birtaniya sun fara naɗa mata tun 1974. Na san a ECWA ba haka muka taso ba, kuma na san zai tsaya miki a rai. Ni ma ya tsaya mini. Abin da zan iya shaida miki shi ne, matar nan Littafi Mai Tsarki take buɗewa ta koyar, kuma da ɗanmu ya kwanta asibiti ita ce ta zauna da mu har tsakar dare.

Baiko ba a fita gaba da rawa. Yawanci ta banki mutum ke turawa duk wata, ba wanda ya san nawa wani ya bayar sai ma'aji. Idan kana biyan haraji kuma ka sa hannu a wata takarda, gwamnati na ƙara wa ikilisiya, fam 4 ya zama fam 5. Sau ɗaya a shekara a baje lissafi a gaban kowa, har kuɗin ganyen shayi. Wannan kam na so a ce ko'ina haka ake yi.

Kin tambayi zumunta, kuma a nan ne nake so ki saurare ni da kyau. Babu ƙungiyar Zumuntar Mata irin tamu mai anko da shugaba da magatakarda. Amma ki sani, Gwaggo, babbar cutar ƙasar nan kaɗaici ne. A gida ba sai an shirya zumunci ba. Kina tsakar gida maƙwabciya ta leƙo neman wuta, mai tallar fura ta yi sallama, jika ya shigo da gudu. A nan tsoho zai yi kwana huɗu ƙofarsa a rufe. A watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi. Akwai wani dattijo da matarsa ta rasu, ya taɓa ce mini, da kofin shayi a hannunsa yana rawa, tun ranar Laraba bai yi magana da ɗan'adam ba sai da na gaishe shi. Shi ya sa shan shayin bayan sujada a wurinmu ba abin wasa ba ne, yakan fi sujadar kanta tsawo. Abin da al'ada ke yi mana a gida kyauta, su a nan sai sun rubuta shi a takarda sun raba wa juna: wa zai ɗauko wance a mota, wa zai kira wane ranar Talata. Kowane ɗan ikilisiya yana da wanda aka ɗora wa nauyin duba shi. Tsarin tsoho ne. Tun 1742, a garin Biristol, mabiyan Jon Wesli, wanda ya kafa Metodis, suka raba kansu rukuni-rukuni na mutum 12 don tara kwabo-kwabo su biya bashin ɗakin taronsu. Masu zagayen karɓar kwabon sai suka riƙa tarar da wannan ba lafiya, wancan ya ja da baya, daga nan karɓar kuɗi ta rikiɗe ta zama kiwon rayuka.

Ban gane darajar wannan ba sai da Baba ya rasu. Kina can kina karɓar gaisuwa, an shimfiɗa tabarmi har waje, Musulmi da Kirista ana ta shigowa. Ni ina nan cikin ɗaki, takarduna ba su ba ni damar tafiya ba. Ranar farko ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Na ce a raina, wane irin mutane ne waɗannan marasa tausayi? Sai na riƙa jin motsi a ramin wasiƙa na jikin ƙofa, kati na faɗowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da rubutun hannu. Ashe a wurinsu ladabi ne a bar mai makoki ya huta. Rana ta biyu, dattijuwar da ke kula da sunana ta kira, ta tambaye ni yadda ake yi a garinmu. Na ce mata a garinmu zuwa ake yi a zauna. Ba ta ce komai ba. Da la'asar sai ga ta da sandarta da tukunyar miya a lulluɓe da tawul, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa ba tare da na ce ba, ta zauna kusa da ni awa biyu. Washegari wasu biyu suka zo, jibi wasu. Sun raba kwanakin a tsakaninsu har mako ya cika. Tun daga lokacin, duk baƙon da aka yi wa rasuwa a cikinmu, zuwa ake yi a zauna.

Ranar Alhamis ɗakin bayan majami'a rumbun abinci yake zama. Kada ki yi mamaki, akwai yunwa a Ingila, sai dai mai sutura ce. Ƙungiyar Trussell, wadda da yawa daga cikin irin waɗannan rumbuna ke ƙarƙashinta, ta raba ƙunshin abinci sama da miliyan 3 tsakanin Afrilun 2023 da Maris na 2024. Mutum zai zo da takarda daga likita ko makarantar 'ya'yansa ko ma'aikacin jin daɗin jama'a, a ba shi abincin kwana 3: taliya, shinkafa, waken gwangwani, madara, ganyen shayi. Na ga mace da kayan aiki a jikinta, albashi ya ƙare a kuɗin haya da na wuta, ta tsaya a ƙofa kunya ta hana ta shigowa. Ba ma miƙa leda a tsaye. Sai an zaunar da mutum an ba shi shayi tukuna. Da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi a hunturun 2022, muka riƙa buɗe ɗakin da rana don wanda ba zai iya ɗumama gidansa ba ya zo ya sha ɗumi. Masallacin unguwarmu kuma duk azumi sai sun turo mota cike da kaya, kamar yadda tuwon sallah ke shigo mana gida, mu ma mu aika shinkafar Kirsimeti.

Abu ɗaya ne har yau ban gama yarda da su a kai ba. Ƙa'ida ce ba a yi wa mai karɓar abinci wa'azi sai in shi ya tambaya. Sun ce kada mai yunwa ya ɗauka sai ya saurari bishara za a ba shi. Na ga gaskiyarsu, kuma na tuna 'yan mishan na SIM da suka yi jinyar kutare a Babbar Ruga, can hanyar Batsari, wanke gyambo suka sa a gaba. Duk da haka ina ganin kunyar ambaton sunan Yesu ta yi musu yawa, na kuma faɗa musu a taron ikilisiya. Yanzu akwai ɗan akwati a kan tebur, mai son a yi masa addu'a ya rubuta ya jefa. Ba ya kwana wofi.

Yara suna zuwa makarantar Lahadi, su shida ne duka. Ni ke koyar da su wani lokaci, amma sai da hukuma ta binciki tarihina ta ba da takarda, domin haka ƙa'idar take ga mai aiki da yara. A gida kuwa da Hausa muke addu'ar dare. Ranar Fentikos da ta wuce aka ce kowa ya yi Addu'ar Ubangiji da harshensa, babbar 'yata ta miƙe ta yi ta da Hausa daga farko har ƙarshe, ba ta yi tuntuɓe ba.

Lokacin godiyar kaka ya kusa. A nan gwangwanaye ake jerawa a gaban bagade maimakon damin gero da dawa, daga baya a kai rumbu. Tsofaffin nan sun roƙe ni bana in koya musu waƙa ɗaya ta zumunta. Don Allah ki sa 'yan ƙungiyarku su rera mini guda mai sauƙin amshi, da tulu da caki, a ɗauka a waya a turo. In kuma an sami mai tahowa, a haɗo mini da sabon Littafin Waƙoƙi, nawa bangon ya rabu, da zanen zumunta ɗaya. Ki gaishe mini da Baba Fasto da Mama, da duk mutanen gida.