Fatawa: Yayata Ta Ce Sai Mai Kuɗi Zan Aura

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni budurwa ce daga Bolari, cikin Gombe. Tun rasuwar mahaifinmu yayata ce ke riƙe da gidanmu. Haya, maganin Inna, kuɗin makarantar ƙannenmu, duk daga abin da mijinta ke ba ta ne, shi ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi. Mun daidaita da wani tela, amma ta kafe sai dai in auri abokin mijinta, wai so ba ya biyan haya, kuma ta gaji da ɗaukar kaya ita kaɗai. In na ƙi, na yi zunubi?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, ba ki yi zunubi ba. A mazhabar Malikiyya uba ne ke da ikon tilasta wa budurwa aure, sai wanda ya bar wa wasiyyar hakan. Baffa ko yayanki namiji ba su aurar da ke sai da yardarki, balle yayarki, wadda ba ma waliyyiya ba ce.

Talauci kuma ba ya rage wa namiji cancanta. Shehu Halilu ya taƙaita kafa'a, wato cancantar miji ga mace, a abu biyu cikin littafinsa na fiƙihu, Mukhtasar: addini, da kuɓuta daga aibobin da ake raba aure saboda su. Amma kada ki ɗauka duba aljihu haramun ne. Da Faɗima bint Ƙais ta nemi shawara kan masu neman aurenta, Annabi (SAW) ya gaya mata Mu'awiya ba shi da dukiya, sannan ya nuna mata Usama bin Zaid, ɗan 'yantaccen bawa, alhali ita Baƙuraishiya ce. Muslim ya ruwaito. Don haka abin da baffanku zai bincika shi ne sallar telan nan da halinsa, da ko keken ɗinkinsa zai kawo ci da sha da sutura da ɗaki. Lefe akwati goma sha biyu al'adarmu ce, mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne.

Sai dai kukan yayarki ya fi tsaya mini a rai. Mai littafin Risala na fiƙihun Malikiyya ya lissafa waɗanda ciyarwarsu ke wajaba: mata, iyaye matalauta, da ƙananan 'ya'ya. Ƙanne ba sa ciki, surukai ma haka. Ke nan mijinta alheri yake yi, ita kuma ta ɗauki fiye da abin da shari'a ta ɗora mata, wataƙila tana haɗiye gori a gidan miji ba ku sani ba. Ciyar da Inna yana kan kowannenku gwargwadon samunsa, har da ke in kina da sana'a.

Ki same ta ku kaɗai, ki yi mata godiya, ki faɗi abin da za ki sauke mata, ko da maganin Inna ne na wata-wata. Sannan ku kai maganar gaban baffa. In ya hana ba tare da dalili na shari'a ba, alƙali na iya shiga, amma a fara da dattawan dangi.

Wallahu a'alamu.