Simpleks da rage kashe kuɗi: me ya kamata a saya?

Tambaya: Ni ɗaliba ce, muna koyon hanyar simpleks. Idan aka ce a nemo riba mafi yawa ba ni da matsala, amma da an ce a nemo mafi ƙarancin kashe kuɗi sai kaina ya ɗaure. Malaminmu ya koya mana hanyar babban M da kuma ta kishiyar matsala. Wacce zan riƙe? Kuma in sayi kalkuleta irin TI-84?

Amsa: Ƙanwata, ki riƙe kuɗinki tukuna. Abin da ke ɗaure miki kai ba a cikin kalkuleta maganinsa yake ba. Simpleks, wadda George Dantzig ya fito da ita a 1947 yana aiki da rundunar sojin saman Amurka, hanya ce ta nemo amsa mafi kyau bisa sharuɗɗa: tafiya take daga kusurwa zuwa kusurwa a yankin da sharuɗɗan suka shata, kuma dole ta tashi daga kusurwar da ta cika duk sharuɗɗa. A tambayar riba, sharuɗɗan suna cewa kada a wuce kaza, don haka sifili ya isa wurin tashi. A tambayar rage kuɗi kuwa cewa suke kada a gaza kaza, ai wanda bai sayi komai ba bai biya kowace buƙata ba. Hanyoyin nan biyu duk neman wurin tashi suke yi miki.

Ga misali. A rage 5x + 3y, bisa sharaɗin 2x + y ≥ 8 da x + y ≥ 6, kuma x da y kada su gaza sifili. Ki jera lambobin a jadawali, ki mayar da layuka na kwance su zama na tsaye, sai kishiyarta ta fito: a ƙara 8u + 6v, bisa sharaɗin 2u + v ≤ 5 da u + v ≤ 3. Wannan kin saba da irinta. Za ki samu u = 2, v = 1, jimla 22. To, x da y fa? A nan ɗalibai da yawa ke zubar da maki, su rubuta u da v a matsayin amsa. Ki duba layin ƙasa na jadawalin ƙarshe, ƙarƙashin haruffan cike giɓi guda biyu da kika ƙara don mayar da ≤ ya zama =, za ki ga 2 da 4. Wato x = 2, y = 4, kuma 10 da 12 sun ba da 22, daidai da na kishiyar.

Su ma u da v ba banza ba ne. Waccan 2 tana gaya miki cewa idan aka ɗaga 8 zuwa 9, kuɗin zai ƙaru da 2. Ki gwada: x = 3, y = 3, jimla 24.

Shawarata ita ce ki dubi siffar tambayar. Idan duk sharuɗɗan ≥ ne kuma babu lambar da ta gaza sifili a layin kuɗi, kishiya ta fi sauri da tsabta. Idan sharuɗɗan sun cakuɗe, wani ≤, wani =, sai ki sa haruffan aro, wato haruffan wucin gadi da za su ba ki wurin tashi. Babban M yana ɗora musu tsada mai yawa don su fice da kansu, ita kuma hanyar zango biyu ta fara korar su tukuna sannan ta shiga ainihin aikin. Ni na fi son ta zango biyu, domin jan M layi bayan layi da fensir na jawo kuskure. Idan aka gama wani harafin aro ya ƙi komawa sifili, sharuɗɗan ne ba za su cika tare ba.

Ita TI-84 tana ninka layi da haɗa layuka, amma ke za ki zaɓi inda za a juya, wato lambar jadawalin da za a yi aikin layukan a kanta, kuma a nan ake faɗuwa, musamman a raba da lambar da ta gaza sifili wajen zaɓen layi. Ki fara tambaya ma ko ana barin shiga jarrabawa da ita.

Tambaya: Ina kula da sayen kaya a wata ƙaramar masana'anta. Muna haɗa sinadarai kusan 30 bisa ƙa'idoji kusan 15. An kawo mini tallar manhaja mai tsada da za ta rage mana kuɗi. In saya?

Amsa: Malam, a wannan girman ba ka buƙatarta. A 1945 George Stigler ya buga aikinsa na neman abinci mafi arha da zai wadatar da mutum shekara guda, daga nau'o'i 77 da sinadaran gina jiki 9, ya samu dala 39.93. A 1947 aka warware wannan matsalar da simpleks, ma'aikata 9 da injinan lissafi na tebur, aikin da ya ci kwanakin mutum 120, aka samu dala 39.69. Yau kwamfutar ofishinka za ta gama wannan kafin ka ɗaga hannu daga madannin.

Solver da ke zuwa cikin Excel yana ɗaukar haruffa har 200, wato abubuwan da ake neman adadinsu, kamar sinadaranku 30. Ka zaɓi Simplex LP, ka zaɓi Min, ka tabbata an hana haruffan gaza sifili. LibreOffice Calc yana da nasa kyauta. Idan kuna da mai rubuta Python, akwai HiGHS da GLPK, su ma kyauta ne.

Manhajoji masu tsada irin su Gurobi da CPLEX suna cancantar kuɗinsu ne idan haruffa suka kai dubbai masu yawa, ko kuma dole amsa ta zo da cikakkiyar lamba, kamar yawan motoci ko ganguna da ba a raba su. A irin wannan kada ka ɗauki 2.6 ka mayar 3 da hannu, domin kana iya karya wata ƙa'ida ko ka bar amsar da ta fi arha. Idan mai tallar ya nace, ka ba shi alƙaluman wata guda na masana'antarku ya gwada a gabanka, kai ma ka sa su a Solver, ka kwatanta jimlar kuɗin da kowanne ya fitar.