Amsar tambayarka kan gogen Turawa

Yarona na ga saƙonka tun daren jiya, wai tunda hannunka ya faɗa a goge ko za ka iya komawa bayolin ka zama irin mutanen nan da kake kallo a YouTube suna yawo ƙasa ƙasa ana biyansu da dala. To ba zan rufe ka ba, shekararka 19, su kuma yawancinsu tun suna shekara 4 ko 5 aka ɗora musu abin a kafaɗa, kullum awa huɗu awa biyar suna gwaji har wuyansu ya yi kanta ta gefen hagu. Ka duba Itzhak Perlman, shahararren mai bayolin, haihuwar 1945 ne, shan inna ta kama shi yana ɗan shekara 4 shi ya sa a zaune yake kiɗa, amma yana shekara 13 har ya fito a talabijin a Amurka.

Kuma iyawa kaɗai ba ta kai mutum can, sau da yawa sai ya shiga babbar gasa irin ta Tchaikovsky da aka fara a Mosko a 1958, in ya ci sannan dillalai su ɗauke shi su riƙa nemo masa wasa, wani lokacin tun saura shekara ɗaya ko biyu an riga an sa rana. Daga jirgi sai otal, ya yi gwaji sau ɗaya ko biyu da makaɗa wajen 80 da bai taɓa gani ba, washegari ya tsaya gabansu ya yi kiɗan rabin awa da ka, ba takarda. Gogen ma sau da yawa aro ne, don na Stradivari, maƙerin nan na Italiya, an sayar da guda ɗaya kusan dala miliyan 16 a 2011.

Amma wallahi ban ce ka haƙura ba. Kana da kunne, kuma bayolin kamar gogenmu ne babu alamar inda za ka sa yatsa, ka goce kaɗan murya ta ɓaci, wannan kai ka riga ka sani. Izgarsu ma gashin wutsiyar doki ce, ƙaro suke goga mata kamar mu. Abin da zai ba ka wuya tsirkiya huɗu ce maimakon tsagiya ɗaya, sai karatun rubutun kiɗa, shi kam ni ban iya ba balle in koya maka. Ka je makarantar kiɗa ta MUSON a Onikan ka tambaya, daga nan Agege tafiya ce amma akwai mota. Wanda ya iya yana samun shiga ƙungiyar makaɗa, yana koyarwa, ana kiransa biki.

In ka samu na aro ka kula da raɓar Legas, da damina katakon kumbura yake, ka sassauta izgar in ka gama ka rufe shi a akwatinsa. Ranar Asabar ka zo da wuri, kumbon nan na jiran fata.